Warin Kifi a Faifan Birki

Birkin kekena ya fara kuka ne a makon da yayan matata ya tare a gidanmu, bayan an rufe masana'antar da yake aiki. Ban haɗa abubuwan biyu ba a lokacin. Keken tsere ne mai siririyar taya, birkinsa irin mai faifan ƙarfe a tsakiyar tayar, da ƙananan takalma biyu da suke matse faifan idan ka kama. Da shi nake zuwa aiki. Tsakanin gidanmu da babban titi kuwa gangara ce, ƙarshenta mararraba, inda manyan motoci ba su san da zaman mai keke ba. Ɗiyata ma nan take bi zuwa makaranta da nata ƙaramin keken.

Kukan ba na wasa ba ne. Ƙiii! kamar ana jan tebur a kan siminti, har haƙora su mutu. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne, yana ihun amma ba ya kamawa. Ranar nan da tafin takalmina na tsayar da keken, gab da bayan wata motar yashi.

Na kifa keken a baranda na hau bincike. Na sassauta notin gidan birkin, na matse hannun birkin don ya daidaita, na sake ɗaurewa. Na juya tayar ina leƙen ko faifan ya lanƙwashe, na ga sumul yake. Na goge shi da sifirit, na kankare takalman da samfefa. Kukan ya lafa, na ce alhamdu lillahi. Washegari sai ga shi ya dawo da ƙarfinsa. Na sayo sababbin takalma na saka, su ma ba su yi kwana nawa ba suka koyi waƙar.

Yaya yana zaune a kujerar roba, cikin singiletin da ba ta taɓa sanin fari ba, yana sakace da tsinken ashana.

"Ƙarfe ne yake jin ƙishi," in ji shi.

"Wannan ba ya shan komai, Yaya," na ce masa a taƙaice.

Ya yi murmushin manya, ni kuma na haɗiye abin da ya zo mini baki, don matata ta roƙe ni in riƙa lallaɓa shi. Mutum ne mai son a ce yana da amfani. Tun zuwansa babu ƙofar da ta sake ƙara a gidan, sai dai kowane mariƙi ka taɓa sai ka nemi sabulu.

Daga nan sai ƙarni. Ina durƙusawa gaban keken sai wani wari ya doki hancina, na ɗauka kwata ce. Na ga tururuwa sun yi layi a kan wayar birki suna hawa faifan. Da na tarar da kyanwar maƙwabta tana lasar birkina tana lumshe ido, sai na kore ta da tsintsiya.

Ranar da asiri ya tonu, ruwan famfo ne ya ɗauke ina cikin wanka, na fito da wuri da tawul a ƙugu. Ga Yaya tsugune a baranda. A gefensa gwangwanin madara cike da baƙin man da aka soya kifi, wanda matata ta ajiye za ta zubar, har da ɓurɓushin ƙaya yana yawo a sama. A hannunsa tsohuwar safarsa, ita ce tsumman. Yana tsomawa yana shafa wa faifan a natse, ciki da waje, man yana ɗiga a kan sababbin takalmana.

"Yaya! Me kake yi haka?"

"Au, ka fito? So na yi in gama ba ka sani ba. Kullum ina ba shi, amma wannan keke naka akwai taurin kai."

"Mai? A birki? Man kifi?"

"Mai ai mai ne, ƙanina. Duk abin da ya yi ƙara, mai yake nema."

Na buɗe baki zan zazzaga masa masifa. Matata ta leƙo daga kicin tana yi mini alama da ido in yi haƙuri. Shi kuwa ya matse safar a cikin gwangwanin, ya ƙara da alfahari:

"Yau har na 'yar gidana na shafa wa. Nata ma ya fara 'yar ƙara."

Na waiga inda keken ɗiyata yake jingine kullum. Babu shi.

Ban san sanda na fita ba, babu takalmi, hannu ɗaya riƙe da tawul, ina ƙwala mata kira. Na sha kwanar layinmu, gangarar ta buɗe a gabana, motoci suna ta wucewa a can ƙasa.

Sai na hango ta a bakin gangarar, a tsaye. Ta riƙe keken da yatsu biyu nesa da kayan makarantarta, ɗaya hannun ta toshe hanci.

"Baba, ni ba zan hau wannan ba. Warin kifi yake, dariya za a yi mini a aji."

Na karɓi keken na matse birkin, na tura. Ya tafi sululu, ko gezau tayar ba ta yi ba.

Yaya ya iso yana haki, safar tana hannunsa har yanzu. Ban ɗaga murya ba. Na miƙa masa keken na ce ya kama birkin da kansa ya tura. Ya matse iya ƙarfinsa, ya tura, keken ya zarce. Ya dubi mararrabar, ya dubi yarinyar.

"Kawu, lafiya?" ta tambaye shi.

Ya zauna daɓas a gefen titi, ya saki safar ta faɗa kwata.