Gwangwanin Masu Ɗigo

Auta, ke ɓarauniya ce, kuma a gaban manaja nake faɗa. Ciki ɗaya muka fito, amma kin ci amanata.

Shekara ashirin da bakwai ina kan teburin tantance duwatsun daimon a kamfanin nan, fitila a kaina, hantsaki a hannuna, har idona ya fara hazo. Ni na roƙar miki aikin. Ni na koya miki riƙon hantsaki lokacin da dutse ke tsalle daga hannunki kamar fara.

Dokar teburin ɗaya ce. Mai haske ya tafi tiren dama, mai tabo ya tafi tiren hagu, a niƙe shi a yi bakin zarto. To akwai waɗanda raina bai ba ni a niƙe ba. Nasu ba dattin banza ba ne, ɗan ɗigo ne can tsakiya, kamar ƙwaro a cikin ƙanƙara. Sai in jefa su a gwangwanin madara, da sanin mai sito, ya kulle. Kina dariya kina cewa, "Yaya da tarkacenta! Har duwatsu marasa lafiya take jinya."

Ranar da aka yi min aikin ido, ranar wata malamar jami'a ta zo tana tambayar duwatsu masu ɗigo. Wa ya ruga ya ɗauko gwangwanin? Ke.

Na dawo da bandeji na tarar kina yi wa matan tebur karatun da kika ji a bakin malamar. Wai daimon da gawayi asalinsu ɗaya, nauyi da zafin ƙarƙashin ƙasa ne suka matse shi ya zama haka. Wai na gwangwanin sun fi sauran zurfi, kilomita ɗari shida, kuma ɗigon nan ɓarɓashin cikin duniya ne da daimon ya rufe ya hauro da shi. Ke da ko gawayin murhu sai na hura miki!

Yanzu ga hotonki a bangon ofis, an sa miki farar riga, kin rungume gwangwanina kina yashe haƙora. Ban iya karatu ba, amma mai shara ta karanta min abin da ke ƙasa: wai ke kika gano su. Da na tare ki a bakin famfo kika ce, "Haba Yaya, ai duk gida ne." Gida? Me ya ɗaure bakinki da ba ki ce na yayata ne ba?

Manaja, ba na son farar riga. A juye gwangwanin cikin tiren hagu, a gauraya da masu dattin banza, a miƙa mata hantsaki ta tsinto su. Ni da ido ɗaya zan tsinto. In ta kasa, a sauke hoton nan.

Ba zan tashi daga kujerar nan ba. Auta, ɗago kai ki amsa: wa ya tara su?