Ɗumamen Inna Tani

A watan da sojoji suka koma bariki ne likita ya ɗora Malam Babaji a kan sikeli, ya dubi allurar, ya sake dubanta, sannan ya ce ya sauko ya cire takalmi. Kilo ɗari da goma sha tara. Nauyin bai dami Babaji ba, don a Katsina in mutum ya kai shekara hamsin da biyu ya ajiye teɓa, cewa ake yi ya samu hutu. Abin da ya kashe masa jiki shi ne da likita ya sa shi ya rufe ido, ya ɗauki wani ɗan tsinke yana taɓa masa yatsun ƙafa ɗaya bayan ɗaya, ya ce duk inda ya ji ya faɗa. A ƙafar dama ya ji duka. A ta hagu, ƙananan yatsu biyu ba su san ana yi ba.

"Ciwon suga ne, kuma ya fara taɓa jijiyoyin ƙafa," in ji likita. "Ga magani, amma magani kaɗai ba zai yi ba. Ka rage tuwo, ka bar sukari, ka riƙa tafiya a ƙasa kullum. In ka zubar da kilo goma cikin wata huɗu, muna da bakin magana. In ba haka ba, Malam, ƙafar nan nake jiye maka."

Babaji bai nemi ƙarin bayani ba. Wannan ciwon ne ya ci ƙafar mahaifinsa, aka yanke ta daga gwiwa, tsohon ya yi shekara biyu a kan tabarma kafin Allah ya karɓi abinsa. Ya biya kuɗin magani ya fito, ya daɗe zaune a kan Vespa ɗinsa bai tayar ba.

Lokacin tafiya dai akwai shi. A ofishinsu aiki ya tsaya, gwamnan soja ya tafi, farar hula sun hau amma ba su naɗa kowa ba tukuna, fayil-fayil suna kwance, ma'aikata suna zuwa ƙarfe goma su karanta jarida su yi ta hasashen wanda za a ba kwamishina. Matsalar ita ce magidanci ba ya fita yawo haka kawai. Ran farko da ya fito daga gidansa a Ƙofar Kaura bayan sallar asuba, da kaftani da takalmin kambas, 'yan acaɓa uku ne suka tsaya suna tambayar ko lafiya. Mai shayin bakin titi ya ɗaga murya ya ce, "Malam Babaji, zaɓe ai ya wuce! Ƙuri'ar wa kake nema da sassafe?" Aka kwashe da dariya. Kafin azahar labari ya kai ofis cewa ya sayar da babur.

Saboda haka ya nemo wa tafiyar dalili. Gidansu na gado yana Gobarau, tsohuwarsa tana can. Mutumin da ya ce zai je gaida mahaifiya, ko a rarrafe ya tafi ba mai ce masa don me.

Sai dai tsakanin Babaji da Inna Tani akwai abin da ke tsakanin ɗan fari da uwarsa a tsofaffin gidaje. Shi ne na fari, kuma sunan surukinta aka sa masa, kunya biyu ke nan. Ranar da aka yaye shi kakarsa ta goya shi ta tafi da shi ɗakinta, a can ya girma. Inna ba ta taɓa kiran sunansa ba, ko wannan Babajin da kowa ke faɗa. Ba ta kallonsa ido da ido. In ya zo, durƙusawa yake yi a bakin ƙofa ya yi gaisuwa, ta amsa tana duban bango, in da saƙo ta faɗa wa ƙanwarsa Delu, wadda ta dawo gida da zama tun rasuwar mijinta. Mutane suna yabon Inna a kan wannan kunya, suna cewa irinsu sun ƙare. Babaji ma yana yabawa a baki. A zuci kuwa abin ya daɗe yana yi masa ciwo, har ya gaji da jin ciwon ya bar shi.

Ranar farko da ya iso Gobarau, gumi ya jiƙa masa kaftani har baya, numfashi yana fita da ƙyar, Inna ta amsa gaisuwa ta juya wajen Delu.

"Delu, mutumin Ƙofar Kaura a ƙasa ya zo?"

"A ƙasa, Inna."

"Mi ya samu babur ɗin?"

"Ya ce lahiya lau, tahiyar kawai yake so."

A sanin Inna ba mai son tafiya sai wanda abin hawa ya gagara, kuma ta ji a rediyo ana cewa sabuwar gwamnati za ta yi wa ma'aikata tankaɗe da rairaya. Ba ta sake tambaya ba.

Washegari ya tarar da tabarma a shimfiɗe a gindin darbejiyar tsakar gida. A kai akwai ɗumamen tuwon dawa da miyar kuka, man shanu yana yawo a sama, ga kofin koko an zuba sukari ba tausayi, ga ƙosai mai zafi a faranti. Delu ta raɗa masa cewa tun kiran sallar farko Inna ta tashi, kuma ta hana ta sa hannu. Daga cikin ɗaki muryar tsohuwar ta fito.

"A ce mashi shi ci. Mutum ba shi wannan tahiya da cikin wohi."

Babaji ya wanke hannu. Ya ci tuwo a gidan nan ba adadi, amma na gida ne, wanda aka tuƙa don kowa. Wannan don shi kaɗai aka ɗumama, da hannunta. Ya cinye tas, ya side yatsu, ya ji wani daɗi da ya ba shi kunya, ƙato da shi, mai jikoki biyu.

A hanyar komawa ya yi wa kansa fatawa. Tuwon gida ne likita ya ce a rage, kuma an rage, don matarsa Zuwaira ta mayar da shi cin dafaffen zogale da wake kamar mai horo. Wannan na Gobarau kuwa ai ladan tafiya ne. Daga Ƙofar Kaura zuwa nan da komawa, awa ɗaya da rabi cur, ga taɓo ga gumi. Abin da gumi ya fitar ne yake mayarwa, ba ƙari ya yi ba. Mutum in yana son abu, ba malamin da ya kai shi iya kawo hujja.

Haka aka yi mako shida. Damina ta kankama, fastocin 'yan takara suka jiƙe suka saɓule daga bangaye, kambas ɗinsa ya buɗe baki aka ɗinke. Gwiwoyinsa suna ciwo, barci ba ya isarsa, a ofis yana gyangyaɗi a kan tebur. Kwanon Inna kuwa kullum ƙara girma yake yi. Wata rana waina, wata rana ɗanwake da mai da yaji. Delu ta ce rabon da ta ga Inna da kuzari haka tun Baba yana da rai, har ta daina kukan ciwon baya.

Ranar komawa asibiti ya hau sikeli da ƙwarin gwiwa. Kilo ɗari da ashirin.

"Sikelin nan lahiyarshi ƙalau kuwa?" in ji Babaji.

"Lafiyarsa ƙalau. Kana tafiyar?"

"Wallahi kullum, ko ana ruwa."

"To me kake ci?"

Ya faɗi zogale da wake. Likita ya zuba masa ido, har Babaji ya sunkuyar da kai ya faɗi sauran, ya ƙara da hujjarsa ta gumi. Likitan yaro ne a kansa, amma da gani ya gaji da jin wannan magana daga bakin manya.

"Malam, jiki ba ya ƙona abinci da yawa kamar yadda gajiya take nuna maka. Tafiyar nan taka duka, zuwa da dawowa, ba ta cinye rabin abin da ka faɗa min ba. Kuma ko da ta cinye duka, in ka mayar, me ka rage? Kitsen da muke so jiki ya taɓa, yaushe zai taɓa shi? In ka dawo kana jin jiri, ka ci ƙwai ɗaya, ko ɗan wake. Amma kar ka ce za ka biya kanka ladan tafiya da tuwo."

Ya sake sa shi ya rufe ido. Wannan karon yatsu uku ne ba su ji tsinken ba.

Babaji ya san abin da ya kamata, faɗarsa ce aiki. In ya ture kwanon ba dalili, ya wulaƙanta uwa. In ya faɗi dalili, ya ambaci sunan ciwon da Inna ta yi shekara biyu tana wanke wa miki, tana juya mai shi a kan tabarma. Don haka ya yi abin da matsorata suke yi, ya canza hanya. Kwana huɗu yana miƙewa wajen Ƙofar Sauri, ya zagaya ya dawo, ba gaisuwa ba tabarma, sai 'yan acaɓa da tambayarsu. A rana ta huɗu da la'asar Delu ta zo har gida, ko mayafi ba ta cire ba.

"Yaya, mi Inna ta yi maka?"

"Ba ta yi mani komi ba."

"To kullum sai ta ɗumama ta aje. Shi kai azahar a rufe, ta hana kowa taɓawa, sai ya yi tsami a ba kaji. Jiya ko ita ba ta ci ba."

Ya gaya wa Delu gaskiya, tun daga sikeli har tsinke. Ta yi salati, ta share ido da bakin mayafi. Da ya ce ta taimaka ta sanar da Inna a hankali, sai ta girgiza kai.

"Saƙonku na ɗauka shekara da shekaru, Yaya, amma ban da wannan. Ni na ga yadda ta yi lokacin Baba. Ka zo ka hwaɗa da bakinka."

Da safe ya kama hanyar Gobarau, ƙafafu kamar an ɗaura masa turmi. Tabarma tana nan, kwano yana nan a rufe, ƙamshin man shanu ya tare shi tun daga zaure. Yunwa yake ji ta gaske. Ya durƙusa ya yi gaisuwa, Inna ta amsa daga bakin ƙofarta tana duban bango, ba ta tambayi inda ya shiga kwana huɗu ba. Ya zauna a gaban kwanon bai buɗe ba.

"Delu," ya ce da ƙarfi yadda za a ji, "ki ce ma Inna na gode, Allah shi saka da alheri. Amma ba ni iya ci."

Delu tana tsaye a bakin madafa, ba ta maimaita ba.

"Ki ce mata ba babur aka sayar ba, ba kuma aiki aka kore ni ba. Likita ne ya sa ni tahiyar. Ya ce in na ci bayan na yi, kamar ban yi ba ne." Sannan ya ce, "Ciwon Baba ne gare ni."

Delu ta shige madafa ta bar su. Babaji yana kallon murfin kwanon, yana jiran kuka ko salati. Bai ji ko ɗaya ba. Sai ƙarar sandar Inna a ƙasa, tana matsowa a hankali. Ta sunkuya da ƙyar ta ɗauke kwanon ta ajiye can gefe, ta ɗauke kofin kokon, sannan ta zauna a bakin tabarmar, kusa da shi yadda ba ta taɓa zama ba.

"Mako shida," ta ce, ba da kowa ba. "Mako shida ina zuba mashi sukari da hannuna."

"Inna, ba ki sani ba ne. Laihina ne."

Ta dubi wajen madafa, inda ba kowa a bakin ƙofa, ta ce, "A ce mashi shi cire takalmi."

Ya kwance kambas ɗin, ya cire safa. Inna ta jawo ƙafar hagun ta ɗora a cinyarta, ta juya ta, ta duba diddige, ta buɗa tsakanin yatsu tana neman tsaga ko miki, da saurin hannun wadda ta san aikin. Sannan ta kama babban yatsa ta matsa.

"Yana ji nan?"

"Ina ji, Inna."

Ta matsa na biyu. "Nan hwa?"

"Ina ji."

Ta kama na uku. Babaji yana kallon yatsunta, busassu, da tabon wuta a bayan hannu, yana ganin yadda farcenta ya shiga naman har wurin ya yi fari. Tun da ya yi wayo bai san taɓawar hannun nan ba. Ya so ƙwarai ya ce yana ji, don ta samu ta tashi da sauƙin zuciya, kuma ba mai ƙaryata shi.

Ta ɗago kai ta dube shi cikin ido, tana jira.

"Ba ni ji, Inna," in ji shi.

Ta gyaɗa kai. Ba ta saki yatsan ba.