Cigiyar Baba Hamad

…kuma biron ma ba nata ba ne, na matar da ke bayan teburin ne, ta miƙo mata shi tare da takardar ta ce, "Cika abin da kika sani, ya ustaza. Wanda ba ki sani ba ki tsallake." Eman tana zaune kan kujerar roba a wani ofishi a unguwar Dokki ta birnin Giza, inda ake cigiyar waɗanda yaƙin Sudan ya raba da danginsu. Sunan wanda ake nema: Hamad. Dangantaka: mahaifi. Waɗannan biyun ba wuya. Sana'a...

Ƙodago. Ta san kalmar da Larabci sarai, hannun ne ya ƙi tafiya.

Ƙarfe biyu tana da aji a unguwar Ard al-Liwa, 'yan gudun hijira talatin da ɗaya a ɗaki mai taga guda, ga littafin nan a jaka yana tokare mata cinya. Ɗan siriri, na wani marubucin Amurka, labarin leburorin gona masu yawo daga wannan gona zuwa waccan da shimfiɗarsu a kafaɗa. Tun tana jami'a take tare da shi. Ta san shekarar da aka haifi marubucin, ta san garinsu, ta san sunan kwarin da ya tashi a ciki. A tambaye ta tana tsaye a tashar ƙaramar bas ma za ta zubo su, tas.

Wurin da aka gan shi na ƙarshe.

Jazira ne, tsinkar auduga? Ko Gadarif, yankan dawa? Ya faɗa. Wallahi ya faɗa, a waya, ranar tana Wad Madani tana makin jarrabawa, wayar maƙale tsakanin kunne da kafaɗa, tana cewa to Baba, to Baba, Allah ya tsare hanya... Ya ambaci sunan gari. Har sau biyu, don iska na cinye muryarsa. Ita kuwa tana tara makin wata yarinya.

"Me ke cikin takardar nan da ba kya ajiyewa?" Baba ke nan a garinsu Mai Wurno, a tsakar gida, ya dawo kwana uku kawai, yana shafa wa faso man shanu. 'Yan ƙodago ne, Baba, a Amurka. Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. "Turawa ma?" Ya ci gaba da shafa man. "Ana ba su wurin kwana?" Sai kuma, a hankali, kamar mai jin kunya: "Juya mini ko shafi ɗaya da Hausa, in ji yadda suke yi."

Gobe, Baba.

Goben kuwa, babbar mota ta kwashe su Baba da sassafe. Shafi ɗaya... minti nawa ne shafi ɗaya?

Sunan mai gonar da yake yi wa aiki. Ta tsallake. Sunan abokin tafiya. Akwai shi, akwai wani dogo da suke tafiya tare shekara da shekaru, mai kawo mata dabino, wanda Baba ke cewa in ban da shi da zazzaɓi ya gama da ni a bukka... Ta sha cin dabinon. Malam wa? Malam wa, Eman? Jiya-jiyan nan ta tsaya gaban allo tana yi wa yara bayanin kaɗaicin lebura, da Turanci mai kyau, har Rayan ta ɗaga hannu daga layin baya, "Ustaza, ke babanki me yake yi?" Manomi ne, ta ce. Manomi! Mutumin da bai taɓa mallakar ko kunyar gona ɗaya ba.

Fankar sama tana juyawa, ba ta kawo komai. Wata tsohuwa a gefenta ta cika tata gaba da baya, har tana neman ƙarin takarda.

"Yalla, Eman, mu tafi, khalas, wayar Baba a kashe take!" Yayanta Bakri ke nan a bakin bas, ranar da harbi ya iso gadar Madani, jakarta a hannunsa. Ba wanda ya tura ta. Da ƙafarta ta hau. Ta ce in sun isa Aswan za ta kira, ta kira, a Giza ma ta kira, shekara biyu tana kira... matar nan ta cikin waya mai cewa lambar a kashe take, muryarta ba ta gajiya.

Layi na ƙarshe: wata alama a jiki da za a gane shi da ita.

Alhamdu lillahi. Wannan ta sani. Lauje ya taɓa cire masa kan ɗan yatsa tun kafin a haife ta, guntun ya warke sumul, ba farce. Ta kafa biro, ta rubuta, yatsa guntu a hannun...

A hannun...

Da shi yake riƙe ta in zai tsallakar da ita titi. Ta wane gefe take tafiya? Ta rufe ido. Ga shi yana alwala, ga shi yana gutsurar tuwo, ga hannuwan a buɗe yana addu'a, amma duk sanda ta matso don ta ƙirga yatsun sai su dushe.

"Ustaza? Kin gama?"

Eman ta shimfiɗa nata hannuwan biyu a kan takardar tana dubansu. Hagu. A'a... dama.

Hagu?