Wayar da Ba Ta da Kwali

"Gidan Maikano masunci yana gabas da rijiya ne, ba yamma ba," in ji Tani, tana zana ƙasa da tsinken tsintsiya. "Ki gaya wa Faruk ya gyara."

Bushra ta ce to. Kwana hamsin ke nan da rasuwar Faruk tana cewa to. Kakar tata ta kai shekarun da mutuwa ba ta zama a ka: a faɗa mata da safe ta sha kuka, kafin azahar ta ce a rufe masa tuwonsa kada kaji su ci.

Faruk yayan Bushra ne. Da wayarsa ya koyi Java, yaren rubuta manhaja, a wani kwas na intanet, yana zaune gindin darbejiyar bakin titi inda sabis ke kamawa. Ya gama ajin 'yan koyo ya shiga na gaba, Bushra na gefensa tana tsokanarsa da malamin da bai taɓa ganin ɗalibinsa ba. Tun tana tsokana har ita ma ta iya.

"Tsarin gida ɗaya kawai za ki rubuta," haka yake ce mata. "Mai gida, ƙofa, maƙwabci. Daga nan sai ki yi ta fitar da gidaje kamar mai buga bulo."

Aikinsa na kammalawa shi ne ƙauyensu na asali, wanda ruwan dam ɗin Tiga ya shanye tun ba a haifi ubansu ba. Tani kaɗai ta rage da ta san shi lungu-lungu. Ita ke faɗa, shi ke shigarwa. Gida sittin da uku ya saka, ranar wata Laraba ya shiga Kano sayen caja. Yana jiran mota a bakin hanya, rana tsaka, wasu samari suka nemi wayar. Ya riƙe, suka soka masa wuƙa.

* * *

Aikin bai ɓata ba, yana nan a shafin kwas ɗin, kuma Bushra ta san kalmar sirrin. Waya ce babu, sai 'yar rakani-kashi da ko hoto ba ta buɗewa. Ga Tani kullum ƙara nisa take. Shekaranjiya ta kai kan gidan da aka haife ta, sunan maƙwabcin ya ƙi zuwa. Bushra ta ji tsoro ƙwarai. Idan tsohuwar ta tafi, ƙauyen ya nutse karo na biyu, aikin Faruk tare da shi.

Ran kasuwa Baffa, ƙanen mahaifinsu, ya shigo da abu a baƙar leda yana murmushi.

"Ungo, 'yata. Ki ƙarasa abin ɗan'uwanki."

Ta durƙusa ta karɓa da hannu biyu. Babbar waya ce, gilashinta ya ɗan tsage a kusurwa.

"Allah ya saka da alheri, Baffa. Ina kwalinta?"

"Kwali za ki ci? Da kwali ai ba ta talaka ba ce. Akwai mutumina, ba ya son yawan tambaya. Ta marigayi ma a wurinsa na samo."

Ya faɗa ne da zuciya ɗaya, har da ƙwalla a idonsa, don Baffa yana son Faruk kamar ransa. Bushra ta dube shi. Ya sa takalmi ya tafi masallaci.

* * *

Ta kai Tani gindin darbejiya ta shimfiɗa mata tabarma. Shafin na buɗewa ya yi mata barka da dawowa da sunan Faruk. Ta mayar da gidan Maikano gabas da rijiya. Ta saka na sittin da huɗu, da na sittin da biyar, Tani na lissafo matattu kamar yanzu suka rabu.

Ana gab da la'asar wayar ta ɗauki ƙara a hannunta. Ba kira ba ne, tunatarwa ce da mai wayar ya saka, wadda mutumin Baffa ya manta bai goge ba. Kalma uku ne a kan gilashin: Ba Umma magani.

Bushra ta ƙura wa tsagar kusurwar ido. Faɗuwa ta yi, ko mai ita ne ya riƙe kamar Faruk? Wa ke ba Umman nan magani yau? Ta kai yatsa wurin gogewa, ta kasa. Ta yi tunanin mayar wa Baffa, sai ta dubi zanen da ke ƙasa, saura gida kusan talatin.

"Faruk ne?" in ji Tani, fuskarta ta washe. "Ɗauki mana, kada ya katse."

"Ba shi ba ne, Iya. Wa ke bin gidan Asabe mai daddawa?"

Tani ta sunkuya da tsinkenta tana nema. Bushra ta kifa wayar a cinya, ta ɗora tafinta a kai, tana jin wayar tana rawa.