Fitilar Ribas ta Malam Iliyasu

Duk wanda ya san Malam Iliyasu a ƙauyensu da ke bayan Zakirai zai gaya maka mutumin nan ba a tanƙwara shi. In ya ce a'a, to a'a ce, ko liman ne ya tako da kansa. Matarsa Inna Tahira ma haka take faɗa a gidan biki, har da girgiza kai. Sai dai ita ta san wata ƙofa da ba wanda ya sani, kuma ƙofar nan a bayan mota take.

Malam yana da tsohuwar a-kori-kura da yake kai gero da wake kasuwar Dawanau. Makwancinta wani ɗan lungu ne tsakanin rumbu da katangar maƙwabci. Da kai take shiga, da baya take fita. Fitilar ribas ɗinta kuwa ta mutu tun 'yarsu Ramlat tana firamare. Don haka kullum bayan sallar asuba, gari da sauran duhu, Inna ce ke tsayawa a baya da tocila.

"Taho. Taho. Karya hagu. Malam, gishiri ya ƙare."

"To."

"Tsaya! Rumbu! Yauwa, taho. Ɗakin awaki kuma yana yoyo."

"To, to, na ji. Na wuce?"

Mutumin da wuyansa ke murɗe, ƙafarsa na rawa a kan kuloci, ransa duk yana kan rumbu, ina ya ga sukunin gardama? Da wannan "to" ɗin aka sa Ramlat a sakandare, da shi aka haƙa rijiyar tsakar gida. Shi kuma Malam in ya ce to ba ya janyewa. Sai ma ka ji shi a majalisa yana cewa ai ya daɗe yana wannan tunanin.

To, ranar wata sallah mijin Ramlat, Muhammad Auwal, ya zo gaisuwa daga Rimin Gado. Yaro ne mai ladabi, bakinsa ne dai ke riga hankalinsa fita. Ya zagaya motar yana dariya, a gaban dattawa ya ce, "Baba, ai wannan ko fitilar ribas ba ta da ita. Ina ma a bar ta ta huta."

Malam ya dube shi sama da ƙasa. "Tunda motata ba ta isa shiga Rimin Gado ba, ni ma ƙafata ba ta isa ba."

Ana nan, kaka ta shigo, Ramlat ta haifi namiji bayan mata biyu, har ana raɗe-raɗin sunan Malam za a sa masa. Inna za ta iya hawa motar haya ta tafi, amma in dangin miji suka ce "Ina Malam?" da wane ido Ramlat za ta dube su? Duk da haka Inna ba ta damu ba. Tana da asuba, tana da tocila. Ta ce bari ya kwana da daɗin labarin tukuna.

Ashe shi ma maganar fitilar nan tana nan tana cin sa. A ranar da labarin haihuwar ya zo, da yamma, sai ga Basiru bakanike a kan babur. Inna ta kawo musu ruwa, ta maƙale a bakin zaure. Basiru ya shimfiɗa buhu, ya shige ƙarƙashin mota, ƙafafunsa kawai ake gani.

"Malam, ƙwan fitila lafiya, fiyus ma lafiya. Leƙa baya ka gani." Ya zare wayoyi biyu daga jikin giyabos, wato akwatin giya, ya haɗa bakinsu, fitila ta kawo fes. "Ka gani ko? Suwic ne ya mutu. In ka sa ribas, shi giyar ke dannawa ya ba fitila wuta. Ba shi, ba haske."

Ya sa sufana ya kwance wani ɗan abu da bai fi babban yatsa ba, ya ɗaura wani na gwanjo, ya mayar da wayoyin. Ya fito yana kakkaɓe wando yana murmushi kamar wanda ya yi aikin lada.

"Inna, daga yau kin huta da sanyin asuba."

"Allah ya yi albarka," ta ce, ta ɗauke kwanon ruwan tun bai gama sha ba.

Washegari ta fito da tocilarta. Malam ya leƙo ta taga ya ce, "Koma ki kwanta, baiwar Allah." Ya sa ribas, haske ya watsu a jikin rumbu, mota ta silale ta fice ko kara ba ta taɓa ba. Abin da ya fi yi mata ciwo ke nan: ko ɗan kuskure bai yi ba.

Da ya dawo ta aje masa tuwo da miyar kuka, man shanu har yana iyo, ta zauna gefe.

"Malam, zancen sunan nan..."

"Na riga na yi magana a gaban mutane."

Shi ke nan, ya ci tuwonsa tas. Inna ta turo masa ƙanwarsa, ita ma ta koma da haushi. Ramlat ta bugo waya tana tambaya, Inna ta ce gari babu sabis sosai, ba ta ji. Har ta taɓa tsayawa da taɓarya a hannu tana kallon fitilar nan, sai ta tuna Allah, ta kuma tuna Basiru yana da wani ƙwan.

Ana gobe suna, da asuba, tana zaune a kan sallaya ta rasa abin da ke mata daɗi, sai ta ji muryarsa daga waje.

"Tahira! Ina tocilar nan? Abin Basirun nan ya sake mutuwa."

Ta fito da sauri. Da ta haska, sai ta ga bayan rigarsa duk ƙasa, hannun rigar da baƙin mai. Ta ɗan sunkuyar da tocilar, ga wayoyi biyu suna reto a ƙarƙashin mota.

"Kayan yanzu ba ƙarko," ta ce.

"Ina fa ƙarko," in ji Malam, ya shige mota bai yarda sun haɗa ido ba.

"Taho. Taho. Malam, gobe suna."

"To."

"Da motar nan za mu je. Karya hagu."

"To."

"Buhun gero ɗaya kuma na mai jego ne."

"Haba, Tahira, buhu guda..."

"Rumbu!"

"To! To!"

Tsakaninsa da rumbun kuwa, jaki da kayansa zai wuce.

Washegari suna dab da shiga Rimin Gado Malam ya tsaya a gefen hanya, wai zai duba mai, ya shige ƙarƙashin mota. Inna ta juya kai tana kallon gonakin mutane. Da suka isa ƙofar gida, ga fili fetal, amma sai da ya jira Muhammad Auwal ya fito, sannan ya sa ribas ya ja baya, ya yi gaba, ya sake jan baya, fitila tana ci da rana tsaka. Surukin ya durƙusa ya yi gaisuwa yana satar kallon fitilar. Aka raɗa wa jariri Iliyasu. Malam ya shaida wa dattawan wurin cewa shi dama tun ranar haihuwa ya yi niyyar zuwa.

Suna dawowa gida fitila ta sake mutuwa. Har yau Basiru yana shan faɗa a majalisa kan aikin da ba ya ƙarko, yana rantsuwa suwic ɗin nan lafiyarsa ƙalau. Inna kuwa in ta haɗu da shi sai ta sa masa albarka da gaske, ta ba shi tocila ya sa mata sabon batir.