Inda Farin Beyar Yake Juyawa

"Umma, laifin me ya yi aka kulle shi?"

Zuhra ta ɗago daga tsintar shinkafa ta dubi talabijin. An kawo wuta da hantsi, kuma tashar Larabawan da mijinta Hamid ya bari a kunne tana nuna wata ƙatuwar dabba a bayan gilashi. Farin beyar ne, irin na ƙasashen ƙanƙara, a wani gidan kallon dabbobin ruwa da ke wata ƙasa mai zafi.

"Bai yi laifi ba, Mabruka. Kula da shi ake yi. Dubi tafkinsa tas, ga kifi kullum. A waje wahala zai sha."

"To me ya sa ba ya cin kifin?"

Beyar ɗin ya tashi daga gindin wani dutsen siminti, ya je wani wuri a tsakiyar fili, ya kaɗa kai, ya juya. Ya koma dutsen, ya sake dawowa. Gashinsa ya koma ruwan ɗorawa, tafin ƙafarsa ya saɓule. Yara suna ta bubbuga gilashi. Wata ma'aikaciya ta jefa masa kifi a cikin dunƙulen ƙanƙara, ya tsallake ya wuce.

Da ɗan Larabcin da ta tsinta a bakin kakarta, Zuhra ta gane abin da mai sharhi yake cewa. A ƙasarsa wannan dabba tafiya take yi wadda ido ba ya ganin ƙarshenta. Masu gidan sun ji tausayinsa, sun rushe bango sun faɗaɗa masa wuri, amma har yau a daidai inda tsohon bangon yake nan yake juyawa. Aka nuno ma'aikaciyar tana share hawaye, tana cewa wallahi suna sonsa.

Wuta ta ɗauke.

Tun Juma'ar da bama-bamai suka tashi a Kano, Mabruka ba ta taka zaure ba. Ran nan suna hanyar Ƙofar Mazugal, Zuhra ta saɓa 'yar a kafaɗa ta yi gudun da bai tsaya ba sai a unguwarsu ta Sheshe, ba takalmi, ba mayafi. Washegari ta cire ta daga Islamiyya. Ƙaramar ƙofar da ke jikin katanga, wadda mata da yara suke bi su shiga maƙwabta ba sai sun fita titi ba, ta rufe ta da langa-langa, ta danne da turmi, don gidan can zaurensu a buɗe yake wuni. Hamid yana kawo 'yar tsana da alewa daga kasuwar Kurmi. Da sanyi ya wuce, zafi ya shigo, ya ce mata an sassauta dokar hana fita.

"Gwamnati ce ta haifa min ita?" in ji Zuhra. Bai ƙara tayar da zancen ba.

Bayan la'asar Hajiya 'Yardada, tsohuwar gidan da ke bayan katangar, ta yi sallama tana dafe da gwiwa.

"Ke Zuhra, da tsufana sai na zagayo ta titi? Ina ƙawata?"

"Tana nan, Hajiya. Bari in share miki wuri."

"Ajiye tsintsiyar nan tukuna."

Tsohuwar ta nuna ƙasa da bakin sandarta. A cikin rairayin tsakar gida akwai wata 'yar siririyar hanya, daga bakin rijiya zuwa gaban turmin, ta daddale da sawun ƙananan ƙafafu. A gaban turmin ta yi ɗan rami.

"Kullum ina jin ta ta bayan katanga," in ji Hajiya 'Yardada. "Da farko na ɗauka akuya kuka ɗaure."

"Wasa take yi."

"Wasa da shiru? Yaushe rabon ki ji ta yi miki waƙa?"

Zuhra ta waiwaya. Kwanon shinkafar rana yana nan a inuwa yadda ta zuba shi. Mabruka ta fito daga bayan rijiya, idonta a ƙasa, ta wuce kwanon, ta wuce 'yar tsanar, ta zo gaban turmin, ta kaɗa kai ta juya. Kowace safiya Zuhra ce take share wannan hanyar da hannunta.

Ta ɗaure zani, ta mirgina turmin gefe, ta janye langa-langar. Ta cikin ƙofar ana hango jikokin Hajiya suna 'yar carafke a gindin dalbejiya.

"Mabruka, ga su Turai can. Je ki."

Yarinyar ta taho. Ta zo daidai ramin, iskar gidan can tana kaɗa mata riga. Ta juya, ta koma rijiya.

Zuhra ta yunƙura za ta kamo ta, tsohuwar ta riƙe mata hannu. "Ba da ja ba. Zauna ta gan ki."

Zuhra ta zauna a dokin ƙofar, ƙafa ɗaya a gidanta, ɗaya a maƙwabta. A titi wani babur ya yi ƙara kamar harbi. Hannunta ya kai kan langa-langar kafin ta sani. Ta dube shi, ta maido shi kan cinyarta, ta danne da ɗayan.

Mabruka tana tahowa kuma.

Ke da kika rufe ƙofa saboda so, gobe da safe ki duba ƙasa kafin ki sa tsintsiya.