Zobe Uku, Duk Ruwan Ƙasa

Malam ya girgiza kwalin ashanar a kusa da kunnensa, bai ji komai ba. Ya buɗe na biyu, wayam. Na uku ma haka. Kwalayen nan da ke kwana a jere cikin jakarsa, kowanne da lambarsa a baya, yau ko ɗaya ba komai a ciki. Can kan tebur kuwa ga gwangwanin madara cike fal da rizistoci, an haɗe su wuri guda kamar tsabar da za a watsa wa kaji.

“Maman ’Yan-biyu!”

Shiru. Makullin shagonta ba ya jikin ƙusa. Ko kayan da takan fitar masa ta ɗora a kan kujera, yau babu.

Ga wanda bai san rizista ba, ɗan mitsitsin abu ne da bai fi ƙwayar shinkafa biyu ba, da ’yar waya a kowane gefe, aikinsa rage ƙarfin wuta kada ta ƙona abin da ke gabanta. Ba a rubuta masa lamba. Zobba ake zana masa masu launi, kowane launi da lambar da yake nufi. Karanta zobban nan da haɗa wayoyi shi Malam yake koyarwa a makarantar koyon sana’a tun ’Yan-biyu suna goye. Sai dai akwai abin da ba wanda ya sani sai matarsa: idon Malam ba ya raba ja da kore da ruwan ƙasa. Duk ɗaya yake ganinsu, haka Allah ya halicce shi. Lissafin wuta kam, ko daga barci ka tashe shi zai yi maka. Launin ne dai babu.

Ita ce idonsa. Tela ce, mai shago a layin masu ɗinki, wadda ke iya raba zare shuɗi kala bakwai da kallo ɗaya. Kullum da yamma in ya dawo da rizistocin da ɗalibai suka cakuɗa, sai ta baza su a faranti ta mayar da kowanne kwalinsa, tana yi tana ba shi labarin kasuwa. Shi kuma da safe ya ɗauko daga kwali, ya dubi lambar da ke baya, ya ɗaga wa ɗalibai yana faɗin launukan da gadara kamar yana gani.

To, jiya baki ya yanka wuya. Abokan aikinsa biyu sun zo gida, ɗaya ya ga kwalayen ya ce, “Kai, Malam akwai tsari! Ko Madam ce ke taya ka?” Malam ya yi ’yar dariyar nan ta maza in sun haɗu, ya ce, “Wa? Ita da ko fulogi tsoron taɓawa take? Ina ruwan biri da gada.” Tana bayan labule da tiren shayi a hannu. Ta shigo ta ajiye, har da cewa a sha lafiya.

Kuma duk ranakun duniya, yau ne Sufeton makarantu zai zo ya zauna a ajinsa. An ce malaman ɗakin gwaji biyu sun yi yawa, ɗaya za a bari. Ɗayan yaro ne sabon jini mai takardu. In har aka ji cewa Malam ba ya raba jar waya da koriya, ba sai an yi dogon taro ba.

Ya zari riga da wando da ya ga sun dace, ya cusa gwangwanin a jaka, ya fita ko karyawa bai yi ba.

A bas aka fara. Kwandasta ya dube shi daga sama har ƙasa ya ce, “Baba, mu tsaya ne ko mu wuce?”

“Kamar yaya?”

“Na ga sama ja, ƙasa kore. Na ce ko danjar titi ce ta shigo mota.”

Wata mata ta kai gyale baki. Malam ya dubi rigarsa, ya dubi wandonsa. Shi dai ruwan ƙasa yake gani, ɗaya ya ɗan fi ɗaya duhu. Ya rungume jakarsa. Go-silo ya riƙe su a mararraba, ya duba agogo, ya sake dubawa, daga ƙarshe ya sauka ya ƙarasa kasuwar da ƙafa.

Ya same ta a kan keke, tana ɗinke bakin wani zane, maƙwabciyarta mai sayar da maɓallai na zaune a bakin ƙofa.

“Maman ’Yan-biyu, zo mana, magana ce.”

“Faɗi a nan, Baban ’Yan-biyu. Hannuna da aiki.” Ba ta ɗago ba.

Ya sunkuya ya rage murya. “Yau fa mutumin nan zai zo. Kin sani.”

“Allah ya kawo shi lafiya.”

“Don girman Allah. Ko kaɗan ne ki raba mini.”

“Ni? Rufa mini asiri, kada wuta ta ja ni. Ina ruwan biri da gada?”

“Wasa ne fa, irin na maza.”

“To ai ni ma wasa nake, irin na mata.” Sai a nan ta ɗago, ta ga kayan da ke jikinsa. Bakinta ya motsa, ta cije leɓe, ta mayar da kai kan keken ta taka shi da ƙarfi. Mai maɓallai kuwa kunnenta har ya yi tsawo. Malam ya ga in ya ƙara kalma ɗaya, kafin azahar duk layin ya ji. Ya juya.

A ɗakin gwaji ya rufe ƙofa ya ɗauko mita, wato na’urar awo, ya shiga gwada rizistocin ɗaya bayan ɗaya. Garin sauri, suna ta zamewa suna faɗawa ƙarƙashin benci. Ya samu ’yan kaɗan ya sa a kwalayensu, sai ƙararrawa. Ragowar suna nan cikin gwangwani, ya tura shi gefen tebur.

Ɗalibai suka shigo suna satar kallon rigarsa. Shugaban makaranta ya rako Sufeto, wani siriri mai tabarau a kan hanci, suka zauna a baya.

Abin mamaki, da Malam ya riƙe alli sai hankalinsa ya dawo jikinsa. Ya zana batir, ya zana ƙwan fitila, ya ja layi ya haɗa su.

“Wuta ba ta tafiya sai ta san hanyar komawa gida,” ya ce. “Ka yanke mata hanya ko da tsinin allura ne, ta zauna. Wa zai haɗa mana?”

Suka haɗa a kan allunan gwaji, ƙananan fitilu suka kama nan da can. Wani ya manta rizista, fitilarsa ta yi ƙyas ta mutu, aka yi masa dariya.

“Kun gani? Ta sha abin da ya fi cikinta. Allah ya ji ƙanta. Ɗauko wata.”

Da aka zo karatun zobba sai ya yi dabara. Akwai wata yarinya a gaba da ake kira Aku, don kafin a rufe tambaya ta cafe. Ya riƙa miƙa mata yana cewa, “Karanta wa ’yan’uwanki launukan.” Ta karanta, shi kuma ya juya su lamba a allo kafin ta rufe baki. Sufeto na gyaɗa kai. Shugaba har ya jingina da kujera. Malam ya fara jin iska na shiga ƙirjinsa.

Sai Sufeto ya miƙe. Ya tako a hankali har gaban aji, ya wuce kwalayen, ya tsoma yatsu biyu cikin gwangwanin.

“Ita wannan ta iya. Bari mu ji na baya. Kai, mai tsawo.”

Dogo ke nan. Saurayi ne shiru-shiru wanda in aka ba shi waya da ƙarfen narka dalma sai ka rantse injin ne ya yi aikin, amma ya faɗi jarrabawar zobba har Malam ya gaji. Sau nawa yana ce masa raini ne da rashin mayar da hankali. A makon nan ma ya gaya wa Shugaba cewa in Dogo ya sake faɗuwa, gara a ba wani gurbinsa.

Dogo ya karɓa ya kai kusa da ido, ya juya shi wajen taga.

“Na farko ruwan ƙasa.”

“Ci gaba.”

“Na biyu... ruwan ƙasa.” Aka fara ƙus-ƙus. Ya haɗiye yawu. “Na ukun ma ruwan ƙasa ne. Sai dai ya ɗan fi duhu.”

Aji ya kwashe da dariya, har da masu dukan benci. Wani ya ce, “Dogo, ko miya ma ruwan ƙasa ce a wurinka!” Sufeto ya karɓe rizistan ya miƙa wa Malam.

“Malam, gyara masa.”

Malam ya ɗora shi a tafin hannu. Zobe uku. Ruwan ƙasa, ruwan ƙasa, na ukun ya ɗan fi duhu.

Ya ɗago ya dubi Dogo. Yaron na tsaye, dogayen hannayensa sun rasa inda za su shiga, idonsa a ƙasa. Sai yanzu Malam ya lura da safarsa: shi dai iri ɗaya yake ganinsu, amma na kusa da Dogo na nuna su da baki suna ƙyafta wa juna ido.

Ga Aku nan ta ɗaga hannu har tana tashi daga kujera. Kalma biyu kawai zai ce, “Aku, taimake shi,” a wuce wurin. Bakinsa har ya buɗe. Fankar sama na ta juyi tana ƙara.

“Ranka ya daɗe,” ya ce, “ba zan iya gyara masa ba.”

“Saboda me?”

“Abin da ya gani, shi nake gani.”

Dariyar ta ɗauke kamar an zare fulogi. Shugaba ya gyara zama. Sufeto ya sauke tabaransa.

“Tun yaushe?”

“Tun da aka haife ni.”

“To duk shekarun nan wa ke raba maka su?”

Malam ya dubi kwalayen ashanar, da lambobin da aka rubuta da irin allin da teloli ke zana yadi.

“Matata,” ya ce. “Tela ce. Ita ke rabawa kullum. Ta fi ni sanin zobban nan, ta fi duk wanda ke ɗakin nan.” Ya ja mitar gabansa. “Dogo, zo nan. Riƙe wannan, ɗora a nan. Me ta ce?”

“Dubu ɗaya da ɗari biyar, Malam.”

“Aku, launukan?”

Muryarta ta yi ƙasa. “Ruwan ƙasa, kore, ja.”

“Ɗaya, biyar, sifili biyu. Daidai ne ko ba daidai ba? To Dogo, ni da kai da mita za mu riƙa gani. Je ka zauna. Kuma ba raini ba ne, na janye.”

Ya ƙarasa darasin, shi kansa bai san yadda ya yi ba. Sufeto ya yi rubutu mai tsawo, ya fita. Shugaba ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, “Ka je gida, za a neme ka,” yana magana yana kallon bango.

Malam bai je gida ba. Ya yi ta yawo a bakin titi da jaka a hammata, ya zauna a tashar bas ya tashi, ya sayi ruwa bai sha ba. Sai da la’asar ƙafarsa ta kai shi layin masu ɗinki.

Ai kuwa labari ya riga shi. Ashe Aku ’yar ƙanwar mai maɓallai ce, kuma ba a banza aka sa mata sunan ba. Tun daga bakin layin teloli ke ɗago kai suna yi masa sannu da wata irin murya. Wani tsoho har da cewa, “A gai da mijin injiniya!”

Ya tsaya a ƙofar shagon. Keken ya yi shiru.

“Shekara da shekaru ina rufa maka asiri,” ta ce, “ko uwata ban gaya wa ba. Kai kuma ka tashi a gaban hukuma ka kwance wa kanka zane a kasuwa.”

“Yaron ne. Da kin ga yadda ya tsaya.”

“Na ji. Har abin da ka ce a kaina na ji, da ƙarin gishirin Aku.” Ta kakkaɓe zare daga cinyarta. “Sun kore ka?”

“Sun ce za a neme ni.”

“Hmm.” Ta miƙo hannu. Ya tsaya yana kallonta. “Gwangwanin, Baban ’Yan-biyu. Ko shi ma ba ka ganinsa?”

Ta share kan teburin yanka, ta zazzage su, yatsunta suka shiga aiki, tsibi nan, tsibi can. Ta leƙa waje ta ce wa mai maɓallai, wadda ta yi kamar tana lissafin kaya, “Yaya, tunda dai kina ji, aiko mini da kwalayen ashana, duk wanda kika samu. Kashi biyu zan yi, har da na dogon yaron nan.”

Malam ya zauna a kan ɗan benci, gwiwoyinsa sun kusa taɓa haɓarsa.

“In kuma ba su neme ni ba fa?”

Ba ta ɗago ba. Ta tura masa wata roba da ƙafa, da allura a soke a murfinta.

“Ga maɓallai nan, ka fara koyo. Farare da baƙaƙe kawai za ka taɓa mini.”